Riba ko Amana? Tarken Littafin Abner Cohen a kan Hausawan Sabo ta Ibadan

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya ɗauki darasin share fage na ilimin zamantakewa a jami'o'inmu, da wuya ya kai ƙarshen zangon farko bai ci karo da batun rukunonin jama'a ba, wato yadda suke kafuwa, da abin da yake riƙe su, da yadda suke ladabtar da 'ya'yansu. A nan ne ake karanta masa Ferdinand Tönnies (1887) da bambancin da ya yi tsakanin zaman zumunta da zaman yarjejeniya, da Charles Cooley (1909) da rukuninsa na mutanen da suke cuɗanya ido da ido, da kuma Max Weber da tsarin ma'aikata mai tafiya a kan rubutacciyar doka. Idan aka zo kawo misali daga gida, ɗaya daga cikin littattafan da aka fi jawowa shi ne Custom and Politics in Urban Africa na Abner Cohen, wanda aka buga a Landan a 1969. Littafin nazari ne a kan Hausawan unguwar Sabo ta birnin Ibadan, ko Badun kamar yadda fataken da suke kiran sa.

Wannan takarda tarke ce na littafin. Ba a yi ta don rage wa marubucin daraja ba, domin har yau duk mai son ya san yadda cinikin shanu da goro ya gudana tsakanin Arewa da Kurmi a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, dole ya bi ta kansa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, Cohen ya gano ƙashin bayan tsarin Sabo, amma ya bayyana shi da kalmomin da suka rage masa nama, har rukunin ya fito kamar kamfanin da ya yafa rigar addini don tsaron kasuwarsa. Kalmomin Hausa da mutanen Sabo suke tafiyar da harkar da su suna ɗauke da wani bayani daban, kuma wannan fage ne namu na masu nazarin harshe.

2.0 Abin da Cohen ya ce

An haifi Cohen a Bagadaza a 1921, ya yi karatu a Jami'ar Mancesta ta Ingila a ƙarƙashin Max Gluckman, ya rasu a 2001. Ya yi bincikensa a Ibadan daga 1962 zuwa 1963, lokacin da Hausawan Sabo suka ɗan haura 4,000 bisa ƙidayar da ya yi da kansa. Unguwar kuwa an kafa ta ne a 1916, lokacin da hukuma ta tattara Hausawan da suke warwatse a cikin gari ta ba su fili a gefen Mokola, ta kuma amince da sarkinsu a ƙarƙashin sarautar Ibadan.

Tambayar da ya fara da ita mai kyau ce. A wancan zamani ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne, zaman birni yana narkar da ƙabila: mutum ya baro ƙauye, ya shiga leburanci ko aikin ofis, a hankali al'adunsa su sassauta. To ga Hausawan Sabo, shekara kusan hamsin a tsakiyar Yarbawa, da yawan maƙwabtan nasu ma Musulmi ne, amma maimakon su narke sai ƙara ƙanƙame harshensu da suturarsu da aurensu suke yi. Me ya sa?

Amsarsa ta taso ne daga yanayin hajar. Saniyar da aka koro ko aka ɗoro a jirgin ƙasa daga Arewa ba ta iya daɗewa a Kurmi saboda tsando da cutar sammore, dole a sayar da ita cikin 'yan kwanaki. Mahautan Ibadan, waɗanda Yarbawa ne, ba su da kuɗi a hannu sai sun sayar da nama, saboda haka bashi ne. Falken da ya zo daga Kano ko Nguru bai san mahaucin ba, babu banki a tsakaninsu, babu inshora, babu wata takarda da kotu za ta karɓa. Goro shi ma haka: abu ne mai son kulawa, sai an dinga kwance huhu ana tsince ɓatacce ana sauya ganye, farashinsa kuma yana hawa da sauka a kasuwannin da suke da nisan ɗaruruwan mil. Wanda ya warware duk waɗannan matsaloli shi ne mai gida. Shi yake saukar da falke, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillalansa, sa'annan ya tsaya masa a kan bashin, in mahauci ya gudu shi zai biya. Cohen ya nuna cewa manyan masu gida kimanin 30 ne suke riƙe da wannan harka tare da mafi yawan gidajen unguwar, kuma ƙarƙashin kowannensu akwai dillalai da malaman lissafi da yara.

Daga nan sai ya ɗora ra'insa. Irin wannan ciniki ba ya yiwuwa sai tsakanin mutanen da suka yarda da juna, suke jin harshe ɗaya, suke kuma da hanyar hukunta maci amana. Saboda haka ƙabila a Sabo ƙungiyar kare muradi ce wadda ba ta da rajista ko kundin tsari, al'ada ce take yi mata aikin da kundi yake yi wa ƙungiya ta zamani. A babinsa na ƙarshe ya zayyana matsaloli shida da kowane rukuni yake buƙatar warwarewa: bambanta kansa da saura, da isar da saƙo, da yanke shawara, da samar da shugabanci mai iko, da aƙidar da za ta halatta shi, da ladabtarwa. Muddin Turawa suna mulki ta hannun sarakuna, in ji shi, hukuma ce take warware wa Sabo yawancin waɗannan, tun da ta amince da iyakar unguwar da ikon Sarkin Hausawa. Da aka shiga shekarun 1950, aka kawo dokar ƙananan hukumomi ta Jihar Yamma ta 1952, jam'iyyu suka shigo, sai wannan kariya ta zube. A daidai lokacin ne, tsakanin 1951 da 1952, mafi yawan mutanen unguwar suka karɓi Tijjaniyya, suka daina zuwa babban masallacin Juma'a na cikin gari, suka tsayar da tasu Juma'ar a Sabo. Ga Cohen, ɗariƙa ce ta maye gurbin da hukumar Turawa ta bari.

Wannan bayani ya yi tasiri ƙwarai. Ya fito a shekara ɗaya da littafin da Fredrik Barth ya shirya a kan iyakokin ƙabilu, su biyun kuma suka juya akalar nazarin ƙabilanci daga ƙididdige al'adu zuwa tambayar abin da ake yi da su. Daga aikin Cohen ne Philip Curtin (1984) ya ɗauki ra'in al'ummar fatake mazauna ƙasashen wasu, ya auna shi a kan tarihin duniya.

3.0 Mai gida, da la'ada, da lamuni

Kalmar da Cohen ya zaɓa ta tsaya a madadin mai gida ita ce landlord. Ba shi kaɗai ba ne, Polly Hill (1966) ita ma da ita ta yi amfani a nazarinta na kasuwar Kumasi. Ya kuma yi bayanin ayyukan mutumin dalla-dalla, ba a ce bai yi ba. Sai dai kalma tana da nauyinta, tana jan mai karatu inda ta saba zuwa. A Ingilishi dangantakar wannan mutum da wanda yake gidansa dangantakar haya ce, tana farawa da kuɗi ta ƙare da kuɗi. A Hausa kuwa kalma ɗaya ce mace take kiran mijinta da ita, da ita ake kiran shugaban gandu, da ita yaron shago yake kiran wanda ya koya masa sana'a, da ita kuma baƙo yake kiran wanda ya sauke shi. Wannan ba talaucin kalmomi ba ne. Harshen yana shaida cewa a wurin masu shi duk waɗannan matsayi iri ɗaya ne: mutum ne wanda wasu suke cin abincinsa, suke fakewa da sunansa, shi kuma yake ɗaukar laifinsu. Falken da ya sauka a Sabo ba kuɗin ɗaki yake biya ba, baƙo ne, kuma haƙƙin baƙo a kan mai masauki ya girmi cinikin shanu na Ibadan nesa ba kusa ba.

Haka abin yake ga yaran mai gida. Abin da M. G. Smith ya bayyana a Zazzau tun 1955 da sunan barantaka shi ne ake gani a nan. Yaro yana yi wa ubangidansa hidima shekara da shekaru ba tare da albashi tsayayye ba, ubangida kuma ya yi masa aure, ya ba shi ɗaki, ya raɗa wa ɗansa suna, in ya ga ya isa ya ba shi jari ya sallame shi. Ana iya lissafa wannan a ce ai riba ce aka jinkirta, kuma lissafin zai fita. Amma yaron da ya bar ubangidansa a lokacin da kasuwa ta juya masa baya, ba a ce da shi ya karya yarjejeniya, butulu ake ce masa, kuma wannan suna yana bin sa har garinsu.

Akwai wani abin lura da ya kamata a ce littafi mai wannan suna ya tsaya a kansa. Kuɗin da dillali da mai gida suke samu a kan kowace saniya sunansa la'ada. Asalin kalmar Larabci ne, kuma tushenta ɗaya da al'ada, wato abin da aka saba. Hausa ta ari kalmar sau biyu: sau ɗaya da harafin ma'arifa a cike ta ba ta ma'anar gadajjiyar ɗabi'a, sau ɗaya kuma a gajarce ta ba ta ma'anar kason mai shiga tsakani. Ke nan abubuwa biyun da Cohen ya sha wahalar haɗawa, al'ada da muradin kasuwa, harshen ya riga ya haɗa su tun kafin a kafa Sabo. Bahaushe bai ɓoye ribarsa a bayan al'ada ba, ribar ce da kanta ya sa wa suna al'ada, wato haƙƙin da kowa ya sani, wanda ba a ciniki a kansa kuma ba a hana shi.

Sai kuma lamuni, wanda shi ne zuciyar harkar duka. Ita ma kalmar daga Larabci take, daga kalmar da take nufin tsaya wa wani, ta bi sauyin nan da muka sani na harafin lodi zuwa /l/, kamar yadda ya faru a lamiri da alƙali da farilla da alwala. Muhimmancin wannan ya wuce na tsarin sauti. Lamuni babi ne a fiƙihun Malikiyya, yana cikin Risala da Muhtasar, littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano da Katsina da Zariya tun ƙarnoni. Mai gidan da ya ce wa falke "na lamunce maka" ya ɗauki wani nauyi wanda malamin unguwa ya san hukuncinsa, wanda kuma shi kansa ya yi imani za a tambaye shi a kansa ranar gobe. Haka dillali, haka amana, haka riba, duk kalmomin aro ne daga harshen littafi. Abin da wannan yake nunawa shi ne, addini bai shigo kasuwar Sabo a 1952 don ya cece ta ba, da kalmominsa aka gina ta tun farko. Mahdi Adamu (1978) da Paul Lovejoy (1980) sun nuna cewa tsarin zango da mai masauki da malamin ayari yana nan a hanyar Gwanja tun ƙarni na 18 da na 19, a wurin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, lokacin da babu Bature balle a yi maganar janyewarsa.

A nan ne nake ganin littafin ya yi rauni a matsayin misalin koyarwa. Ɗalibi yana fita daga aji da fahimtar cewa amana dabara ce da rukuni yake ƙirƙira idan babu banki. A. H. M. Kirk-Greene (1974), da ya tattara siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa, ya sa gaskiya da amana a sahun gaba, tare da karamci da kunya da mutunci. Waɗannan ba a kasuwa aka haife su ba, kasuwa ce ta same su ta ci moriyarsu. Bambancin yana da muhimmanci, domin shi ne zai bayyana abin da ya sa mai gida yake biyan bashin mahaucin da ya gudu ko da biyan zai karya shi, alhali lissafin riba zalla cewa zai yi ya tattara ya bar gari.

4.0 Ɗariƙa: amfani daban, dalili daban

Babi na biyar da na shida su ne suka fi jan hankalin masana, su ne kuma suka fi buƙatar a yi musu karatun tsanaki. Adalci ne a faɗi cewa Cohen bai ce mutanen Sabo munafukai ba ne. Ya yarda cewa wanda ya karɓi wuridi ya karɓa ne don neman tsira, kuma babu wani taro da aka zauna aka ƙulla cewa a shiga ɗariƙa don a tsare kasuwa. Bayaninsa na yadda ɗariƙar ta sauya zaman unguwa ma abin yabo ne. Wazifa tana tara maƙwabta kullum a masallaci ɗaya, zikirin Juma'a da sallar Juma'a suna tara unguwa duka, silsilar muƙaddamai ta ɗaga darajar malamai har suka zama masu faɗa a ji tsakanin sarki da masu gida da talakawa. Duk wanda ya zauna a unguwar 'yan ɗariƙa ya san haka ne.

Inda gizo yake saƙa shi ne, nuna amfanin da abu ya yi ba shi ne nuna dalilin zuwansa ba. Tijjaniyyar da ta iso Sabo a farkon shekarun 1950 reshe ce ta failar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha (1900–1975), wanda ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajji a 1937. Daga nan malaman Salgawa na Kano, irin su Malam Tijjani Usman Zangon Barebari da Malam Abubakar Atiƙu Sanka da Malam Sani Kafinga, suka rungume ta, ta kuma ƙara ƙarfi a zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, daga 1953 zuwa 1963. John Paden (1973) ya bi diddigin wannan. A waɗannan shekaru dai ta mamaye 'yan kasuwar birnin Kano, ta shiga Gusau da Ƙauran Namoda da sauran garuruwan da suke kan layin dogo, har ta jawo rigingimu a Lardin Sakkwato a kan ƙablu da sadalu, ta kuma isa zangunan Kumasi da Ankara. To wane Bayarabe ne yake barazana ga kasuwar mutanen Koki ko Sanka a cikin birnin Kano? Wace kariyar Turawa ce ta zube a Gusau? Idan abu ɗaya ya faru a wurare goma a lokaci ɗaya, bayanin da ya dace da wuri ɗaya kawai bai isa a kira shi dalili ba.

Bayani mafi sauƙi yana cikin littafin kansa. Mutanen Sabo kullum suna kan hanya tsakanin Ibadan da Kano, baƙinsu daga can suke zuwa, 'ya'yansu can ake kai su karatu. Abin da ya ci kasuwar Kurmi ta Kano ba zai yi wata shida bai iso Sabo ba, ko hula ce ko waƙa ko ɗariƙa. Wannan kuwa yana nufin shiga failar ta ƙara ɗaure Sabo da Arewa da Senegal da sauran duniyar Musulmi, wato buɗe ƙofa ce ta wani gefe, ko da ta zama rufewa ta gefen masallacin cikin gari. Daɗin daɗawa, ɗariƙar ba ta taɓa zama mallakar Hausawa ba. Yarbawa da yawa 'yan Tijjaniyya ne, a Ilori da Ibadan da Ikko, kuma Shehu Ibrahim yana da manyan almajirai a cikinsu. Katangar da maƙwabci yake da mabuɗinta ba ta cika katanga ba.

Raba Juma'a kuma, wanda Cohen ya ɗauka babbar hujja, ya cancanci a dube shi ta fuskar harshe da fiƙihu tare. Jama'ar da ta kai dubbai, mai malamanta, mai nisa da tsakiyar gari, wadda wa'azi da sanarwa da Yarbanci ba sa isa kunnen baƙinta, za ta nemi Juma'arta ko da goro ko babu. Ban ce siyasa ba ta ciki ba. A ƙasar Hausa ma tsayar da Juma'a magana ce ta iko, shi ya sa a da sai da izinin sarki. Abin da nake cewa shi ne, Cohen ya ɗauki zare ɗaya daga cikin igiya ya ce shi ne igiyar.

5.0 Matan Sabo

Babi na biyu ya raba matan unguwar gida biyu, matan aure da waɗanda ya kira da kalmar Ingilishi ta masu sayar da kai, ya kuma nuna yadda mace takan fita daga wannan matsayi ta shiga wancan. Ya gargaɗi mai karatu cewa abin ba daidai yake da na Turai ba, amma kalmar tana nan a kan babin, kuma ita ɗalibi yake tunawa. Hausa ta bambanta bazawarar da take gidan iyayenta ko na wani dattijo tana jiran miji, da mace mai zaman kanta, da karuwa, kuma kuskure a nan zagi ne da ake kai ƙara a kansa. Aikin Renée Pittin a Katsina ya fi kiyaye waɗannan iyakoki. Game da matan kulle kuwa, ya lura da yadda suke tara kuɗi ta hanyar dafa abinci da aika yara talla, sa'annan su zuba dukiyar a kwanonin jere. Da ya bi adashi da biki da ƙawance da irin natsuwar da ya bi dillalai, da ya ga cewa akwai wani rukuni na biyu a bayan katanga, mai nasa bashin da nasa lamunin da nasa hukuncin, wanda ba ya ƙarƙashin masu gida 30 ɗin nan.

6.0 Sabo bayan Cohen

Ra'i nagari shi ne wanda ya yarda a gwada shi, kuma shekara fiye da sittin da aka yi bayan binciken sun isa gwaji. Idan kare cinikin shanu da goro ta hanyar ɗariƙa ɗaya shi ne abin da yake riƙe da Sabo, to ya kamata unguwar ta watse idan waɗannan suka kau. Sun kuwa kau, ko kuma sun yi rauni ƙwarai. Tirela ta karɓe aikin jirgin ƙasa, banki da wayar hannu sun rage buƙatar a ajiye kuɗi a ɗakin mai gida, kara ta koma Bodija daga baya kuma aka mai da ita Akinyele a bayan gari. Hausawa sun yi sababbin matsugunai a Shasha da Ojo da Bodija, da shugabanninsu. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta iso unguwannin Hausawa na Kurmi kamar yadda faila ta iso a da, ta hanyar nan dai ta 'yan kasuwa da malamai, ta raba sahun da Cohen ya ɗauka shi ne ginshiƙi. Duk da haka Sabo tana nan, da sarkinta, da Hausarta, kuma mu da aiki ya kawo mu wannan gari mun san inda ake nufa idan kewar tuwo da labarin gida ta taso.

Sana'ar da aka fi sanin unguwar da ita a yanzu, wato canjin kuɗi, ta bunƙasa ne bayan sauye-sauyen tattalin arziki na 1986. Dala ba daga Arewa take zuwa ba, tsando ba ya cizon ta, babu wani dalili na ƙasa ko yanayi da zai sa ta zama hajar Bahaushe. Abin da ɗan canji yake sayarwa a haƙiƙa shi ne yarda: a ba shi kuɗi a Ibadan a karɓa a Kano ko Ikko a kan magana ɗaya. Wannan ya gaskata rabin maganar Cohen, cewa cinikin yarda yana son rukuni. Amma ya juya ɗaya rabin, domin a nan rukunin ne ya riga hajar, ya rasa wata ya nemo wata. Jarin da ya yi saura a hannun Sabo bayan tafiyar shanu shi ne sunan da ta yi.

Wani abin da ya sauya shi ne rashin rajistar nan da Cohen ya gina ra'insa a kai. Bayan rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021, wanda ya tashi daga saɓani tsakanin mutum biyu ya ƙare da asarar rayuka da ƙone shaguna da gidaje, waɗanda suka mai da martani ba masu gida ba ne a zaure. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta ƙasa ce, mai shugabanni da sakatare da takardar manema labarai, ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda, har sai da gwamnati ta zauna da ita a farkon watan Maris. Wannan tsari ne irin na Weber, ba irin na zaure ba, ko da yake duk wanda ya san kara ya san cewa a ƙarƙashin takardar har yanzu dillali da ubangidansa ne suke sallama saniya.

Rikicin Shasha, da na Bodija da na Shagamu a 1999 kafinsa, su ne suka sa wannan tarke ya wuce gardamar malamai. Ɗalibin da aka koya wa cewa Bahaushen Kurmi ya killace kansa ne da gangan don ya hana ɗan gari kasuwa, an ba shi hujja mai rigar ilimi ga abin da ake faɗa a tasha ranar da rai ya ɓaci. Cohen bai nufi haka ba, amma taƙaitawar da ake yi masa a aji can take kaiwa. Abin da ake mantawa shi ne tsarin da ya bayyana ba ya tsayawa sai da ɗaya ɓangaren: mai gida yana lamunce wa mahauci Bayarabe ne saboda ya san shi, ya san gidansu, ya san ranar da ya biya da ranar da ya yi jinkiri, sau da yawa ma tun daga kan ubansa. Yaran da aka haifa a Sabo suna jin Yarbanci kamar 'yan gari, mahauta da 'yan goro na Yarbawa da yawa suna ciniki da Hausa, sunan Gambari kuma da Yarbawa suke kiran Bahaushe da shi yakan haɗa har da Babarbare da Bazabarme da Buzu, waɗanda Hausa ta zame musu harshen hanya. Isaac Olawale Albert na Jami'ar Ibadan ya bi tarihin wannan cuɗanya tun daga ƙarni na 19, kafin a yi tunanin kafa Sabo, Rasheed Olaniyi (2008) kuma ya duba ɗaya fuskar, wato zaman Yarbawa a Kano. Ya kamata a dinga ba ɗalibai su tare da Cohen a mako ɗaya.

Mu kuma masu nazarin harshe akwai aikin da yake jiran mu a kara da rumfunan goro: kalmomin ƙirga da na tayi da na sallamawa, da waɗanda Hausa ta ba Yarbanci da waɗanda ta karɓa daga gare shi a bakin ciniki, da wasiƙun ajami da littattafan bashi da suka rage a hannun 'ya'yan tsofaffin masu gida. Dattawan da suka yi dillanci a zamanin da Cohen yake zagaya unguwar da littafinsa, ƙaramin cikinsu yanzu ya haura shekara tamanin.